Shekarar da Na Kira wa Baba Gayya

A shekarar da gwiwar Baba ta fara kumbura, ni kaɗai ce na rage a gidan tare da shi. Inna ta daɗe da rasuwa. Yayyena maza duk sun tashi. Babban yana aiki a Abuja, na biyu yana Kaduna, ɗayan kuma direban babbar mota ne, shi kansa bai san garin da zai kwana ba sai ya isa. Ni kuwa na dawo gida bayan rasuwar mijina, Allah bai ba mu haihuwa ba, na samu aikin koyarwa a wata 'yar firamare a cikin Suleja. Da safe in hau acaɓa zuwa bakin titi, in dawo bayan azahar in tarar da Baba a zaure, ko in tarar da tabarmarsa kawai.

Ƙauyenmu yana bayan Maje. Ina yarinya, in ka tsaya a ƙofar gidanmu ba ka ganin komai sai dawa da kunyoyin doya har gindin duwatsu. Yanzu katangu ne, da rufin kwano ja da shuɗi, da tankunan ruwa a kan ƙarafa. Mutane sun ƙaru ƙwarai, sai dai yawancinsu ba mu san su ba. Suna fita tun asuba zuwa Abuja, su dawo bayan duhu ya yi. Gonar Baba ta bakin rafi ita ce babbar gonar da ta rage a ɓangarenmu, kuma ita ma katanga ta tokare ta ta gabas da arewa.

Wata Laraba na dawo daga makaranta na same shi ya miƙe ƙafar a kan buhu, yana shafa mata man zafi. Ban gama sauke jakata ba ya ce, "Dawar nan ta isa huɗa."

Na ce, "Ta isa, Baba."

"Gayya zan kira."

Na zauna a bakin tabarma. Rabon da in ji an yi gayya a ƙauyen tun kafin aurena. A da, in aiki ya fi ƙarfin magidanci, sai ya raba goro ya sa rana, mazan gari su taru a gonarsa da garmunansu, a kira makaɗi, mata su tuƙa tuwo. Ba a biyan kowa. Ran da wani ya kira tasa, kai ma ka ɗauki garmarka ka tafi.

Da yamma na kira babban yayana na gaya masa. Ya yi dariya, ba ta raini ba, ya ce in ba Baba wayar. Ina jin muryarsa yana cewa a nemi 'yan ƙwadago kawai, shi zai ji da komai, Baba ya huta. Baba ya riƙe wayar nesa da kunnensa kamar yadda ya saba, ya bari har ya gama.

"Na ji, Allah ya yi albarka," in ji shi. "Amma babu gonar da garmata ba ta shiga ba a garin nan. Ba roƙo zan yi ba."

Ya miƙo min wayar in kashe.

Washegari ya sa aka sayo goro, ya ɗauki sandarsa ya ce zai zaga gari da kansa. Iyakarsa masallaci. Wani ɗan acaɓa ne ya dawo da shi, gumi ya jiƙe masa riga. Ya tura min ƙullin goron da bayan hannu.

"Ke za ki je."

"Baba, mace ta kira gayya?"

"To wa zan aika? Ke ce a gida."

Ranar Asabar na saka mayafi na ɗauki goron a cikin kwano. Kafin in fita ya ce gayyar Asabar mai zuwa ce, ya jero min gidajen da zan shiga, yana kiran kowane gida da sunan mai shi na asali. Fiye da rabinsu na san sun rasu, wasu tun ina firamare. Ban tuna masa ba.

Gidan farko na amininsa ne, marigayi, wanda suka yi kaciya tare. Na san gidan da faɗin tsakar gida da bishiyar mangwaro. Da na yi sallama na shiga, sai na tarar an sare mangwaron, an jera ɗakuna ciki da falo hagu da dama, kowace ƙofa da labulenta. Wata mata 'yar kudu tana wanki a bakin famfo. Ta tambaye ni da Turancin buroka wa nake nema. Na faɗi sunan mai gidan, ta girgiza kai. Na faɗi sunayen 'ya'yansa, sai ta ce ta taɓa jin ɗaya, yana Madalla, shi ne ya sayar wa mai gidansu na yanzu. Ta leƙa kwanon ta ga goro, fuskarta ta washe, ta tambaya biki ne? Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Ta saurara da kyau, ta ce a garinsu ma kakanninta suna yin irin wannan, amma mijinta tela ne a Abuja, ba ya nan sai Lahadi, Lahadi kuma coci. Na ba ta goro biyu duk da haka. Ta raka ni har ƙofa.

Haka na yi ta shiga ina fita. Wani gidan kwaɗo ne a ƙofa. Wani baƙi ne daga Kano ko Zariya, matan su amsa sallama da fara'a, su ce maigidan yana wurin aiki. Inda na tarar da namu kuwa, tsofaffi ne. Abin da ban yi tsammani ba shi ne, kusan duk inda na zauna sai an ce in ɗan jira, a shiga ɗaki a fito da wani abu in karanta.

A gidan Gwoggo, matar ƙanen kakanmu, leda ce ta magunguna. Ɗanta ya aiko mata daga Minna, an yi rubutu a jikin kowane kwali, amma wanda ya kawo saƙon bai tsaya ba. Ta ajiye su a ƙarƙashin filo tana jiran mai karatu.

Na ce, "Gwoggo, ai gidan nan kowa ya yi boko. 'Ya'yanki har da mai digiri."

"Sun yi, 'yar nan. Ai shi ya sa ba ki gan su ba."

Na karanta mata, na ware na safe da na dare, na ɗaura wa na safen jan zare don ta gane. Ta sa na duba mata wayarta ma, saƙonni sun taru a ciki. Duk na kamfanin waya ne. Ta ce in sake dubawa a hankali ko akwai na wani. Na sake dubawa.

Da na gaya mata abin da ya kawo ni, ta riƙe haɓa.

"Gayya? Shi da wa?"

Sai kuma ta ce in ajiye mata muciya, za ta zo tuƙin tuwo ko da rarrafe ne.

A hanya na bi ta gaban firamaren ƙauyenmu. Baba bai iya karatun boko ba, ko sunansa ba ya rubutawa, amma yana cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasar ajin farko na makarantar nan. Lokacin wasu iyaye suna ɓoye 'ya'yansu a gona in malamai sun fito nema. Shi kuwa daga gonar yake koro mu. In yayyena suka bi shi da safe da fartanya, sai ya ce, "Ku tafi makaranta, ni na isa gonar nan." Ya faɗi haka shekara da shekaru, kuma a lokacin gaskiya ya faɗa. Daga baya kowa ya bi sahunsa. Yau da wuya ka samu gida a ƙauyenmu da bai fitar da mai takardar sakandare ba.

Samarin da suka rage na same su a bakin titi, ƙarƙashin rumfar 'yan acaɓa. Wasu 'ya'yan ƙawayena ne. Suka tashi suka gaishe ni, kowa ya ɗauki goro yana cewa, "In sha Allahu, Anti." Ɗaya daga cikinsu, mai shagon cajin waya, wanda ya gama difloma yana jiran aiki, ya biyo ni gefe.

"Anti, kar in yi miki ƙarya. Ni ban taɓa yin huɗa ba. Babanmu ya sayar da gonar tun ina aji uku. Kuma Asabar ita ce ranar ciniki."

Na ce na gode da ya faɗa min.

Makaɗin garinmu na same shi a get ɗin wani sabon rukunin gidaje, sanye da rigar gadi da ta yi masa yawa. Da na ambaci gangar noma, ya cire hularsa ya sosa kai. Ya ce tana rataye a ɗaki, sai dai ya duba ko ɓera bai ci fatar ba. Ya tambayi ranar har sau biyu.

Na ƙarshe shi ne wani dattijo Bagwari da ke tsallaken rafi, abokin Baba tun suna samari. Mu dai Baban Tsallake muke ce masa. Manomin doya ne, gajere, mai faɗin kafaɗa. Na same shi yana gyara ƙotar garma. Bai bari na gama magana ba ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Ki ce masa ina zuwa." Bai karɓi goron ba, ya ce haƙoransa sun daina.

Na dawo gida da la'asar, ƙafafuna sun yi futu-futu. Baba ya leƙa kwanon ya ga saura kaɗan.

"Sun karɓa?"

"Sun karɓa, Baba."

"To alhamdu lillahi. A jiƙa dawa da yawa."

Na buɗe baki in gaya masa yadda gidajen suke, sai na ga ya riga ya juya yana lissafa wa kansa inda za a fara, ta bakin rafi ko ta gindin katanga. Na faɗa masa dai cewa samari da yawa suna da aiki ranar Asabar. Ya ce ai kowa da aikinsa, a da ma haka ne.

Cikin makon nan na ga Baba kamar ba shi ba. Ya fito da garmunan yayyena daga bayan rumbu, ya kankare tsatsa, ya sa aka kai biyu da bakinsu ya lanƙwashe wurin maƙeri. Ya ce a ajiye su saboda wanda zai zo hannu sake. Ni kuma na jawo manyan tukwanen Inna daga ƙarƙashin gado. Gizo-gizo ya yi saƙa a cikinsu. Na kai niƙa, na sayo kuɓewa busasshiya da daddawa da kan saniya.

Ranar gayyar gari ya waye da lumshi, irin safiyar da manomi ke so. Ɗan acaɓa ya ɗauki Baba da garmunan tun da sassafe. Gwoggo ta iso tana dogara kara, ta zauna a kan turmi tana ba ni umarni. Hannunta ba ya iya juya muciya a babbar tukunya, don haka ni na tuƙa, ita ta yi malmala. Muka cika manyan robobi. Muna cikin aiki na jiyo ganga daga wajen rafi. Gwoggo ta tsaya da mara a hannu, ta karkata kai.

"Kin ji," in ji ta. Ta ci gaba da kwasa.

Da rana ta ɗaga na ɗora abincin a baro, na tura zuwa gona. Tun daga nesa nake baza ido ko zan ga layin mutane. Da na zagayo kwanar katanga na gan su. Baban Tsallake ne a gaba, sai ƙanen liman, sai wasu dattawa biyu daga unguwar gabas. Makaɗi yana binsu a baya da gangarsa, bai ko cire wandon gadi ba. Shi ke nan. Garmunan yayyena suna jingine a gindin ɗorawa yadda aka sauke su.

Baba yana kan kunya ta ƙarshe. Ba ya iya sunkuyawa sosai, sai ya sara sau biyu, ya dogara da ƙota, ya kalli hanya. Da ya ji ƙarar baro ya ɗago da sauri. Da ya ga ni ce ya mayar da kansa ƙasa.

Abin da suka huɗe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na gonar ba. Makaɗin yana ta ƙoƙari, yana kiran kowane dattijo da sunan ubansa da kakansa, yana tuna masa gonakin da ya taɓa kayarwa. Su kuwa sai su ɗan ɗaga garma su yi murmushi, numfashi bai bar su sun amsa ba.

Suka zauna a inuwar ɗorawa na zuba musu. Ko roba ɗaya ba su ci rabi ba. Sauran suna nan a baro, an rufe da faifai. Babu wanda ya kalli wajen.

Bayan katangar arewa ana gina wani bene. Tun da aka fara kiɗa, in ji makaɗin, leburorin ke leƙowa daga sama. A lokacin ma akwai kawuna a jere, wani yana ɗaukar mu a waya. Baba ya dube su, ya dubi baron.

"Je ki ce su zo su ci. Kar abinci ya lalace."

Na je gindin katangar na ɗaga murya. Suka yi ta kallon juna, sai wani mai furfura a gemu ya ce lokacin hutunsu ya kusa. Ba a jima ba suka zagayo, su wajen goma, jikinsu fari fat da siminti. Suka gaishe da dattawa a durƙushe, suka wanke hannu a rafi, suka zauna. Daga jin Hausarsu mutanen arewa ne can. Mai furfurar ya ce daga wajen Gumel suke, wasu daga ƙasar Daura. Duk manoma ne. Sun yi shuka da ruwan farko, suka bar wa ƙannensu da matansu, suka taho neman abin da za a ci kafin kaka.

"Tun safe gangar nan ta hana mu sakat," in ji shi. "Wannan yaron har bulo ya saki."

Suka ci tuwon nan ci na gaske, har suna side hannu. Na ji daɗin ganin robobin suna raguwa. Da suka gama, mai furfurar ya tashi ya nufi gindin ɗorawa, ya ɗauki garmar babban yayana, ya jinjina ta.

"Taku ta fi tamu nauyi, Baba."

"Ƙasarmu ce mai nauyi," in ji Baba. "Ba rairayi ba ce."

Mutumin ya tofa yawu a tafin hannu, ya shiga kunya. Sauran suka bi shi, wasu da garmunan yayyena, wasu da waɗanda suka karɓa daga hannun dattawa. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba tun ina yarinya. Ƙasa tana tashi baƙa, tana kwanciya a gindin dawa, layi yana tafiya gaba ɗaya. Makaɗi ya zabura ya bi su, ganga ta canza murya. Baba ya miƙe tsaye ba sanda.

Sai na lura makaɗin yana kiɗa ne kawai, bakinsa a rufe. Ya matsa kusa da wani dogon saurayi da ya wuce kowa, ya buɗe baki zai yi masa kirari, ya rasa abin faɗa. Ya daka masa tsawa cikin raha, "Kai ɗan wane ne?" Saurayin ya faɗi sunan ubansa da na ƙauyensu ba tare da ya ɗago ba. Makaɗin ya maimaita sunan sau biyu a kan kiɗa, daga nan ya tsaya, don bai san komai game da mutumin ba. Bai san gonarsa ba, bai san ko jarumi ne ko rago ba. Ya koma kiɗa zalla.

Ba su daɗe ba. Daga bayan katanga aka buga ƙarfe, wani ya yi kira da Turancin buroka cikin faɗa. Suka ajiye garmuna a inda kowa ya tsaya, suna haki suna dariya. Sun kai aikin kusan rabin gona.

Baba ya ɗingisa ya tare mai furfurar, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Ina gonarku take? In kun sa rana ku aiko."

Samarin suka fashe da dariya. Mai furfurar bai yi ba. Ya ce, "Da nisa, Baba. Mota ma sai ta wuni. Ka yi mana addu'a kawai."

Baba ya yi musu addu'a. Suka zagaya katanga suka ɓace, ba a jima ba muka ji injin kwaɓa siminti ya tashi.

Bayan azahar dattawan unguwar gabas suka yi sallama, ƙanen liman ya bi su. Makaɗi ya rataya gangarsa ya ce zai je ya ɗan runtsa kafin lokacin aiki. Baba ya yi wa kowa godiya da sunansa. Aka bar shi da Baban Tsallake, ni kuma ina wanke robobi a bakin rafi, ina jin su.

Baban Tsallake ya ci gaba da huɗa shi kaɗai har la'asar, a hankali, ba ya gaggawa ba ya tsayawa. Da ya gaji ya zo ya zauna kusa da Baba. Suka daɗe suna kallon dawa.

"Bana ce ta ƙarshe a wurina," in ji Baban Tsallake. "Yara sun sayar da tsallake. An kafa fegi har cikin doyata. In na haƙe, zan koma wurin babbansu a Sabon Wuse."

Baba ya ce, "Akwai gona a can?"

"Akwai bayan gida. Ya ce in shuka tattasai."

Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Baban Tsallake ma ya yi. Daga nan ya tashi, ya saɓa garmarsa a kafaɗa, ya nannaɗe wando ya tsallaka rafi.

A gida Baba bai ambaci samarin da suka karɓi goro ba, ko sau ɗaya. Washegari mai shagon caji ya zo har zaure ya durƙusa yana ba da haƙuri a madadin sauran. Baba ya ce, "Ba komai, ɗana. Yaya kasuwa?" Ya tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa, ya sa masa albarka. Da yaron ya fita, Baba ya ce in mayar da garmunan yayyena bayan rumbu, in rufe su da buhu saboda ruwa.

Sauran gonar mu biyu muka taɓa abin da muka iya. In na dawo daga makaranta sai in ci abinci in same shi a can. Ya nuna min yadda ake riƙe garma, yadda ake sa ƙafa, yadda ake juya ƙasa ba tare da an karya dawa ba. Hannuna ya yi bororo, ya fashe, har riƙe alli ya zama wahala. Ɗalibaina suna tambaya me ya same ni, in ce noma, su yi dariya suna zaton wasa nake. A gonar ba ma yawan magana. Shi yana kunyarsa ina tawa, injin siminti yana ƙara a bayan katanga. Wani lokaci in ɗaga kai in ga leburori a saman benen, amma ban sake gane ko ɗaya ba. An ce ana yawan canza su.

Ba mu gama ba marka ta sauka. Wata iska da aka yi ta kwantar da duk ɓangaren da ba a huɗe ba. Wanda aka huɗe ya tsaya, ya fitar da zangarniya masu kyau. Da kaka muka samu abin da zai ishe mu ci mu biyu, har muka aika wa Gwoggo dami.

Kafin damina ta zagayo ƙafar ta ƙi. Babban yayana ya zo da mota ya tafi da shi Abuja a duba shi, aka ce sai an yi aiki, bayan aikin kuma aka ce kar ya yi nisa da asibiti. Yana can har yanzu, a wani ɗaki na ƙasa mai tayil, jikokinsa suna yi masa magana da Turanci yana amsa musu da Hausa. Yayyena sun yi maganar sayar da gonar, ya ce a bari tukuna. Ba su sake tayar da zancen ba.

Ni ce a gidan yanzu. Na rufe ɗakunan da ba a amfani da su, ina share zaure duk da babu mai zama. A gonar ina shuka masara a 'yar kusurwar da ke bakin rafi, daidai ƙarfina. Sauran ciyawa ce, wani Bafulatani yana kawo shanunsa da izinina.

Jikar Baba ta koya masa inda zai danna a waya ya same ni. Ba ya kira don hira. In hadari ya haɗu a wajensu, sai in ji waya.

"An yi ruwa a nan?"

"An yi, Baba."

"Ya shiga ƙasa, ko wanke ganye kawai ya yi?"

"Ban duba ba tukuna."

"To je ki duba, ina jira."

Sai in saka takalmi in fita bayan gida da wayar a kunne, in tsuguna in tura yatsa cikin ƙasa. In ce masa ya kai gaɓa biyu, ko ya shanye yatsan duka. Ya auna a ransa, sannan ya ce in ƙara haƙuri kwana kaɗan kafin in sa iri, na farkon nan yaudara gare shi. In ce to. Wani lokaci yakan manta bai kashe ba, in tsaya a wurin ina jin ƙarar talabijin ɗin gidan yayana da muryoyin yara, har sai wani ya lura ya karɓi wayar daga hannunsa.